Tayil ɗin da Na Sa Ne Ya Kayar da Baba

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure.

Shekarata bakwai ina tuƙa babbar mota a wata ƙasa. Mahaifina tsohon tela ne, ya kusa tamanin, yana gidansa tare da ƙanwata. Makon jiya muna hira ta bidiyo na ga ya ɗauki kofi da hagu, abin da bai taɓa yi ba. Da na matsa wa ƙanwata sai ta ce faɗuwa ya yi a banɗaki, kuma ita ce ta uku cikin wata huɗu. Har maƙwabta sun sani, ni kaɗai ne bare. In aike ake so ana tuna lambata, amma labarin ubana sai dai in tsinta. Na wanke ta tas, ta kashe waya.

Da na huce na yi wa kaina adalci. Ita ke ɗawainiyarsa, ni murya ce kawai. Kuma tayil mai santsin da ya zame a kai ni na sa aka shimfiɗa, wai don kada a ce ɗansa na ƙasar waje amma shi yana wanka a kan siminti. Simintin nan shekara talatin bai kayar da shi ba.

Yanzu yayanmu ya ce a hana Baba fita daga ɗaki, a ajiye masa fo. Baba ya ce gara mutuwa. Sanda ma ya ƙi riƙewa. Na gaji, Malama. Yaya zan gane ko zai iya ci gaba da zirga-zirga a gidansa?

Ɗa na nesa

Ɗan'uwa, sannu da ɗawainiya. Kana da gaskiya, bai kamata a ɓoye maka ba. Amma ƙanwarka tsoron faɗanka ta ji, ka kuwa tabbatar mata. Fara da ba ta haƙuri, don ita ce idonka.

Yayanku ma tsoro ne ya kama shi, sai dai zaman ɗaki kashe ƙafa yake yi. Faɗuwa uku kuma ba laifin tayil kaɗai ba ne. A kai Baba asibiti a duba hannunsa na dama, a gwada idonsa, a auna jininsa a kwance da a tsaye, a tafi da duk magungunan da yake sha. Ku lura: yana iya tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba? Yana bin bango in zai yi tafiya? Ku gaya wa likita.

Sannan ƙanwarka ta zagaya da kai gidan ta bidiyo, daga gadonsa zuwa banɗaki. A kwashe wayoyin wuta da ledar ɗaki da ta naɗe, a ƙara haske, a sa shimfiɗar roba da ƙarfen dafawa da kujerar wanka, a canza masa silifas. Batun sanda, bar likita ya faɗa masa. Tsoho ya fi jin ta bakin bare.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya haɗa kanku.