Gonar aro ta Kaoje

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinki, ina sanar da ke cewa gonar fadamar Kaoje ta fita daga hannunmu. Ni na jawo, kuma ban yi nadama ba.

Kin san ta Alhaji ce, aro ya ba Baba tun kafin a haife ni. Kin tuna duk kaka ke da kanki kike ɗaukar buhun godiya zuwa gidansa, ki gaisa a tsaye, ki juyo. Mutane na cewa kin cika girman kai. Kina ce mini, "Gaida kowa, ɗiyata, amma kar ki bari a saba ganin tsakar kanki."

Bana ruwa ya ci shinkafar kaf. Sai Alhaji ya tara mu masu aron gonakinsa zai raba iri, don yanzu kujerar siyasa yake nema. Na je da murnata. Ashe sai ka durƙusa, ka rungume buhun kamar jariri, a saita maka waya ana ɗaukar bidiyo, ka ce ba don Alhaji ba da yunwa ta kashe ka. Malam Audu maƙwabcinmu, mai furfura, sau biyu aka sa shi maimaitawa wai bai ba da tausayi sosai ba. Inna, kunya ta kama ni kamar ni ce.

Da aka zo kaina na yi godiya a tsaye, na ce yunwa ba ta kashe ni ba, ina turara shinkafa ina sayarwa, 'ya'yana suna ci. Aka karɓe buhun. Washegari aka aiko cewa a bar gona.

Yaya Sani yana ta faɗa, wai girman kai ba ya cika tukunya, in je in ba da haƙuri kafin dashen rani. Gaskiyarsa, ba ya cikawa. Amma in mutum ya rayu don cikinsa kawai, me ya raba shi da akuyar da ke ɗaure a turke? Allah ne ya ci da ni, ba zan ɗauki wannan shaidar in ba wani ba.

Yanzu ranar kasuwa nakan bi mota zuwa Lolo ta bakin iyaka, matan Benin su saye shinkafar. Ana wahala, ba zan ɓoye miki ba. Kuma ina kewarki ƙwarai, Innata.

Jiya na bi ta bakin gonar, na tarar da Malam Audu yana dashe a cikinta, shi aka ba. Ya sunkuyar da kai ya kasa dubana. Ni na fara yi masa sannu da aiki, na yi masa fatan albarka. Sai da na sha kwana na yi kukana.

Allah ya jiƙan ki, ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Ni kuma ya tsare mini gwiwoyina, kada su taɓa ƙasa sai a gabansa.

Ɗiyarki,
Hauwa