Rigar da Ba Ta da Zif

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Ki ce mata ina cin abinci sosai, duk da dai kwanakin nan ko ruwa da ƙyar yake wuce min.

Yaya, aikin da nake ta roƙo ya zo, ya kuma zame min ƙarfen ƙafa. Wata mawaƙiya mai tasowa ta zo shagonmu da hoton tsohuwar tauraruwar nan da ta rasu tun muna yara. Irin rigar hoton take so ta sa ranar babban wasanta, amma a zamanantar da ita: a rage hannu, a sa yadi mai sheƙi. Madam, mai shagon, ta damƙa min aikin. Ta ce in ya yi kyau na zama babbar tela, in ya ɓaci in nemi wani wuri. Kin san ba ta magana biyu.

Hannu bai ba ni wahala ba, ƙugun ne. A hoton rigar ta kwanta luf a jiki, ba tattara ko ɗaya. Na sa zif a baya, ya yi tudu. Na mai da shi gefe, ya karkace. Sai tsohon da ke yi mana guga ya yi dariya, ya ce ai irin waɗannan rigunan a jikin mutum ake ɗinke su kafin hoto, in an gama a farke. Madam na jin haka ta ce shi ke nan, haka za a yi.

To ai mai hoton tsayuwa kawai ta yi, wannan kuwa waƙa za ta yi! Jiya wajen gwaji na ɗinke rigar a jikin mawaƙiyar tsaf. Ta yi kyau kamar ka sace ta ka gudu, amma da ta ja numfashi sai na ga leɓenta na rawa. Na gaya wa Madam, ta ce ni tela ce ba likita ba. Ita kuma yarinyar madubi ya tafi da hankalinta, wai za ta jure. Gaba kura baya sayaki, wallahi tsoro nake ji.

Ki taya ni da addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa da kowa. Da fatan zazzaɓin ƙaramin ya sauka.

An yi wasan. A ɗakin shiri ina bayan mawaƙiyar da allura, tana ta gwada murya. Da ɗinkin ya kai haƙarƙari sai na ji muryar ta yanke a tsakiya, ta yi tari, ta ce ba komai. Nan take na saki yadin kamar faɗin yatsa biyu. Ba wanda ya gani.

Yaya, yarinyar nan ta yi waƙa. Da ta ja baitin ƙarshe mutane miƙewa suka yi, ni kuma ina bayan labule ina share hawaye da ƙyallen guga.

Da safe hotuna suka fito. Ga tattara nan a ƙugu, ɓaro-ɓaro. Madam ta buɗe hoton da yatsu a wayarta, ta sa min a fuska.

"Wa ya ce ki saki?"

Na ce ba kowa. Ta ce in kwashe almakashina. Ita ma mawaƙiyar ta kira tana mita, wai rigar ta sa ta yi teɓa. Ba ta san don ta samu numfashi na saki ba.

Ki roƙar min maigidanki ya zo da motarsa ya ɗaukar min keken ɗinkina kafin ƙarshen wata. Abin da ya hana ni sukuni, Yaya, na san ko gobe aka sake miƙo min allurar nan, sakin zan yi. Ban san shagon da zai ɗauke ni a haka ba.

Ki huta lafiya.

Taki har kullum,
Auta