Na Cire Bakin Bigilarka

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka taɓa karanta ta ba. Amma cikina ya cika, Inna kuwa ta gaji da saurarona.

Gida lafiya. An girbe gero, ƙafar Inna ma da sauƙi. Abokan busarka huɗu, har da Lawal ɗan maƙwabta, sun dawo gwaji a gindin darbejiyar ƙofar gida, don an gayyace su faretin 'yan makaranta a Zango. Malam Iro mai babban ƙaho haƙoransa sun fara zubewa, yana busa yana tsaki. Cikon na biyar suke nema tun rasuwarka, har garin Babban Mutum sun aika cigiya. Ni da ke bayan katanga ina jin su, ko a mafarki ba wanda ya tuna da ni.

Shekaranjiya Lawal ya zo ya durƙusa gaban Inna, wai a ba shi bigilarka ya ja gaba da ita. Inna ta ce maganar tana hannuna.

Baba, kishin Lawal nake yi. Na faɗa, kuma ba na jin kunya. Wa ka fara koya wa busa a zauren nan, ni ko shi? Lokacin da kake raba taken maci gida biyar, kana rera wa kowa nasa da baki, ba ni ka ba murya ta biyu ba? Lawal a lokacin ko majinarsa bai iya sharewa ba! Da shari'a ta zo aka daina kiranku biki, sai fareti kaɗai. A shekarar ka ce na girma, mutane za su yi magana. Ban musa maka ba. Amma sai ka ɗauki wurina ka miƙa wa ɗan maƙwabta, har kana kiransa ɗana a gabana? Haba Baba! Ni nake dama muku fura, shi yake sha, ya goge baki ya busa rabona.

Ka tuna taken nan da ake wuce gaban manyan baƙi da shi? Ƙirjina ƙarami ne lokacin, kullum numfashina sai ya yanke a tsakiya. Ba ka yi faɗa ba. Gyara taken ka yi, ka bar mini ɗan sarari in ja iska, babban ƙaho ya rufe mini. Har yau Lawal, ƙato da shi, yana zuwa wurin sai ya tsaya. Bai san dalili ba, ya ɗauka ado ne. Duk sanda na kai ɗalibaina fareti, nakan ji shi ya yi shiru a wurina.

Jiya na aika masa da bigilar. Ba don shi ba, wallahi. Ba na so ne a ce takenka ya mutu a ɗakina. Amma na cire bakinta, ɗan ƙarfen nan da ka fara ɗora mini a leɓe. In yana so, ya je Kano ya sayi wani. Wannan kam nawa ne, ko kai ka dawo ba zan bayar ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa ka huta.

'Yarka da ka bar wa wurin numfashi,
Uwani