Takardar da Likita ta Ba Baban Yara

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar taki? Ina fatan kumburin ya sauka.

Abin nan da na taɓa gaya miki ya sake samun Baban yara. Yana shan shayi sai ya ƙame, ido a buɗe, yana ta tauna ba komai a bakinsa. Sau uku na kira shi bai amsa ba. Da ya dawo hayyacinsa, tambayata ya yi wa ya zuba masa shayi a wando.

Da ƙyar na lallaɓa shi muka je ƙaramin asibitin unguwa. Aka auna suga, aka auna jini, lafiya lau. Har ya miƙe yana cewa, "Kin gani ko?" sai likitar ta ce ya zauna, daga bakina take son ji. Na faɗi gaskiya: sau biyar cikin wata biyu. Ta ce tana zargin wata irin farfaɗiya ce da ba ta kayar da mutum ƙasa. Layin gwajin ƙwaƙwalwa a babban asibiti wata huɗu ne, don haka ba za ta jira ba, ta ɗora shi kan magani. Sannan ta tambayi sana'arsa. Da ta ji ma'aikata goma sha takwas yake kaiwa masana'anta a bas kullum, ta rubuta takarda ya kai wa manajansu: ya ajiye tuƙi.

Takardar tana aljihun rigarsa har yau. Kwana tara ke nan bai ce mini ko sannu ba.

Ki gaida mutan gida.
Ƙanwarki, Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, bar zancenta.

Shekara talatin na yi ina aikin jinya, na san wannan ciwon. Likitarku ta yi daidai, kuma kin kyauta da kika buɗe baki. Yana shan maganin kuwa? Ƙirga ƙwayoyin da kanki, kada ki tambaye shi. Maza a kan magani sun fi yara ƙarya.

Idan ya ƙi kai takardar, ke ki kai. Fushin miji yana wucewa. Waɗancan mutanen ma suna da iyali.

Allah ya ba shi lafiya.
Yayarki

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na ƙirga. Na yamma kawai yake sha. Ya ce na safe yana sa shi gyangyaɗi a kan titi, wai wanne na fi so, ya sha ya yi barci a sitiyari ko ya bari?

Na koma wajen likita ni kaɗai. Ta ce gyangyaɗin yakan ragu in jiki ya saba, kuma za ta iya sauya masa wani, amma sai ya zo da ƙafarsa. Na ce ta kira manajan mana. Ta daɗe tana kallon fayil ɗinsa. Ta ce abin da take da shi zargi ne mai ƙarfi, ba sakamakon gwaji ba, ta kuma kai maganar wajen shugabanta, an ce a fara shawo kansa tukuna. Sau biyu ta kira shi yana kashe waya. "Wallahi ni ma abin yana damuna," in ji ta.

Jiya ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce, "Shekarata hamsin da biyu. Tun ina sha tara nake tuƙi. In na sauka, me zan zama?" Sai ya yi kuka, Yaya. Ko a rasuwar mahaifiyarsa ban ga hawayensa ba.

Na je har ƙofar ofishin manajan. Na gaida maigadi, na juyo.

Ki sa mu a addu'a.
Auta

Auta,

Sallama. Mako uku shiru. In da ƙafata za ta ɗauke ni, da na zo na kai takardar da kaina. Me ake ciki?

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Saura wata biyu da rabi gwajin.

Na ce masa na samu aikin shara kusa da masana'antar, ya riƙa rage mini hanya. Ƙarya ce. Yanzu kullum da safe ina zaune a gaba kusa da shi, ina kallon bakinsa. Na roƙi wani makanike ya nuna mini birkin hannu. Ya ce in mota tana gudu, jan sa ma haɗari ne.

Da yamma, in zai dawo da ma'aikatan, babu ni a motar.

Ki huta lafiya.
Auta