Gadar da Yaya Attahiru Yake Ginawa a Ingila

Illela, 1988

Zuwa ga Yaya Attahiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hindatu da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa a gama karatu da albarka. Mu nan kalau muke, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Kaset ɗin da ka aiko ya iso, kuma shi ne ya sa mu cikin ruɗani. Mun ji ka ce aikinka haɗa kwamfutoci ne su riƙa aika wa juna saƙo. Wai akwai na'urar da ke duba adireshi: in saƙon na cikin unguwa ɗaya ne ta haye da shi gada, in na wani gari ne ta miƙa shi ga mai zaɓen hanya. Na yi ta mayar da kaset ɗin baya har batir ya mutu, ban gane ba. Kawu Maharazu ya ce to Ƙonni fa, da ke nan kusa da mu amma ƙasa daban, saƙonta gada zai bi ko hanya? Aka kwashe yini ana gardama, ba wanda ya kayar da wani.

Shi kuwa Baba kalma biyu ya riƙe, gada da hanya. Ranar kasuwa ya shaida wa abokansa cewa ɗansa injiniyan gada ne. Ka san zance, in ya fita baki ba ya komawa. Sai ga dattawan ƙauyen Garu, Malam Maccido na gaba, sun zo roƙon ka taimaka musu da gadar kwarin da ke raba su da gonakinsu duk damina. Bara ruwan ya tafi da jakin wani da kayansa. Baba ya ce musu an gama.

Da na ce masa ina jin taka gadar ba ta siminti ba ce, sai ya tambaye ni, to ta mi ce? Na ce sai dai mu tambaye ka. Tun daga nan ya rage fita zaure.

Don Allah ka rubuto masa da kanka, da Hausar da zai gane, kafin ruwa ya sauka. In ka san mai gina gadar gaske, ka faɗa. Dattawan sun kawo rago na godiya, yana nan ɗaure. Baba ya hana a yanka, ya hana a mayar, sai amsarka ta zo.

Inna da Sakinatu da Lawwali suna gaishe ku. A shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Lubabatu