Tsagar da Ke Saman Sallayar Inna

Assalamu alaikum Gwaggo Maijidda. Don Allah ki agaza mini da shawara. Abin da ke raina na kasa sake faɗarsa a gidanmu, kuma ina tsoron shirun nan nawa ya jawo abin da za mu yi ta kuka a kai.

Mijina Sahabi ya rasu wata bakwai da suka wuce, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Magini ne, duk Sabon Gari an san hannunsa. Ɗan gidan da muke ciki ma shi ya ɗora shi da kansa. A falo ya yi mini kanta ta siminti da ta fito daga jikin bango, ba ƙafa a ƙarƙashinta, ya sa mata farin tayil don in jera kulolina da kwanukan aurena. Har yau in ina goge ta sai hawaye ya zo mini.

Yana da wani abin so da abokansa ke yi masa dariya a kai, wato kifi a akwatin gilashi. Wani mai gida da ya yi wa aiki ne zai jefar da akwatin, ya roƙa, ya liƙe shi, ya zuba yashi da duwatsu da 'yan jajayen kifaye bakwai. Jarka goma ta mai ruwa yake ci kafin ya cika. A ƙasa ya ajiye shi kan bulo shida da katako, in ya dawo aiki sai ya zauna a tabarma yana kallonsu har gajiya ta sake shi.

Ranar rasuwa gida ya cika, ba wurin shimfiɗa wa mata masu gaisuwa. Ƙannensa suka rage ruwan, suka kwashe kwanukana, suka ɗora akwatin kan kantar, suka sake cika shi. Ni a lokacin ko sunana aka tambaye ni ba zan iya faɗa ba. Aka yi sadakar arba'in, na fita takaba, akwati yana nan inda suka bar shi.

Mahaifiyarsa, Inna Suwaiba, ta zo daga 'Yandoto zaman makoki ba ta koma ba, ni ma ba na so ta koma. Daidai gindin kantar take shimfiɗa sallayarta. Nan take lazimi, nan take kishingiɗa da rana. Ita ke ba kifayen abinci, kiwon Sahabi take ce musu, kuma da su kaɗai nake ganin murmushinta.

Mako uku ke nan da na ga tsaga a inda kantar ta haɗu da bango. Da farko kamar silin gashi, yanzu tsinken tsintsiya yana shiga. Ruwan akwatin ma ya fi tasowa ta gaba. Na faɗa wa ƙanen mijina Mannir. Ya hau gefen kantar, ya yi tsalle sau biyu, ya ce filasta ce kawai, aikin yayansa ba ya faɗuwa. Inna ta ji, ta fashe da kuka, ta ce ɗanta ko shekara bai yi a ƙasa ba an fara neman aibun aikinsa. Tun daga ranar na kama bakina.

Gwaggo, kantar nan za ta iya riƙe wannan nauyi, ko waswasi ne irin na wadda aka yi wa rashi? In na yi magana na aibata mamaci. In na yi shiru, tsohuwa ce a ƙarƙashi.

Daga wadda ta rasa abokin shawara, Gusau.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan Malam Sahabi, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Ba waswasi ba ne. Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, tashi ki janye sallayar Inna daga wurin.

Jarkar mai ruwa tana ɗaukar lita ashirin da biyar, kowace lita kuwa kilo ɗaya ce. Goma ke nan kilo ɗari biyu da hamsin. Ki ƙara gilashi da yashi da duwatsu, kin kai nauyin manyan buhunan masara uku. Ba zan iya auna ƙarfin kantarki daga wasiƙa ba, sai an san rodin da ke ciki da yadda ya shiga bango. Amma tsagar da ke ƙara buɗewa a mahaɗar bango, ga ruwa ya karkata gaba, alama ce kantar ta fara sunkuyawa. Irin wannan ba ta sallama ranar da za ta faɗi.

Mannir ba mugunta ya yi ba, kishin ɗan'uwansa ne. Sai dai shi ya hau ya sauka, ruwa kuwa wata bakwai bai sauka ba. Kada ya sake hawa. Kada kuma a shafe tsagar da siminti, rufe ido ne kawai.

A yau a kashe wutar famfon iskar akwatin in akwai, a zuƙe ruwan da tiyo zuwa manyan bahuna, a sa kifayen cikin ruwansu na da don kada sabon ruwa ya buge su. A kwashe duwatsu da yashi. Sai akwatin ya zama fanko za a ɗaga shi, domin ɗaga shi da ruwa yana buɗe liƙin gilashi. Daga baya a kira magini mai amana ya duba kantar, in ta gyaru ya tayar mata ginshiƙi daga ƙasa.

Kukan Inna kuma kada ki riƙe shi a rai. Uwa ce, abin da ya rage mata na ɗanta take karewa. Amma ki sake karanta wasiƙarki, amsar tana ciki. Mutumin da ya zuba kantar nan da hannunsa, wanda ya fi kowa sanin abin da ke cikinta, kwanuka ya ce ki jera a kai. Kifayensa kuwa a ƙasa ya ajiye su, kan bulo shida. Ba aikinsa ne ya gaza ba, kayan da bai ɗora mata ba aka ɗora mata a ranar da ba ya nan balle ya hana.

Don haka kada ki ce wa Inna kantar ta tsage. Ki durƙusa ki ce mata zaman makoki ya ƙare, kina so a mayar da kiwon Sahabi inda ya bar shi. Ki shimfiɗa mata tabarmarsa a gaban akwatin, ta daina ɗaga wuya, ta gan su daga inda ɗanta yake ganinsu.

Allah ya tsare ku, ya haskaka kabarinsa, ya bar miki Inna ku daɗe tare.

Gwaggo Maijidda