Duwatsu Uku a Tabarmar Liman

Daren Laraba, ƙarshen Sha'aban, Kutama

Wai tun yaushe sunan malamin mutum ya fi karatunsa nauyi?

Yau dattawa suka zauna zaɓen wanda zai ja wa Liman baki a tafsirin azumi, ko ni ko Sabi'u ɗan ƙanwar Ladan. Liman ya jera duwatsu uku. Babban, wai a gaban wa ka yi karatu. Matsakaicin hali, ƙaramin kuma iya karatun.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai da ƙaramin ake jan baki!"

Ladan ya ƙyalƙyace. "To, na biyun ma ya suɓuce maka. Wa ya karantar da kai, rediyo?"

E, rediyo da kaset, da kananzir mai tsada. Sabi'u da ke tuntuɓe a Tabara shi zai zauna gaban lasifika, ga masallaci maƙil tunda shari'a ta zo. Kuma muryarsa da daɗi, abin da ya fi cin raina ke nan.

Ran Juma'a zan miƙe bayan sallah. Liman ya faɗa wa jama'a: kafin ya ji sunayenmu ya jera duwatsun nan, ko bayan ya ji?